Man Jif a Cikin Babur

Shekara talatin da biyu Malam Abdulbaƙi yana gyaran babura a gindin darbejiyar ƙofar wani kamfanin fata a Challawa. Manajoji bakwai sun zo sun tarar da shi, sun tafi sun bar shi. Bai taɓa zama a aji ba, amma in ya ɗiga baƙin mai a yatsa ya murza, zai gaya maka ko giyarka za ta shiga salin-alin, ko kuwa sai ka yi ta dukanta da diddige.

Sai aka kawo Habibu, sabon sufabaiza, mai biro uku a aljihu. Yana da suruki bakanike a Bompai, kuma shi yake nema wa gindin darbejiyar. Har ya shawo kan manaja cewa in wata ya ƙare ma'aikata ba sa son aikin tsohon, to ya kwashe sifanunsa.

Wata Litinin, ana tashi daga aiki, Habibu ya tsaya a gaban jama'a ya ɗaga robar man Malam.

"Baba, me aka rubuta a nan?"

"Man babur ne."

"To ku karanta mana mu ji."

Aka kwashe da dariya. Habibu ya sauke wani galan mai ƙyalli daga bayan babur ɗinsa. "Irin wannan ake zuba wa jif ɗin manaja. Man da ya riƙe jif, babur ne zai gagare shi? Ku bar wahalar da giyarku, jama'a."

Malam ya tsoma yatsa ya murza. Santsi kamar yauƙin kuɓewa. Shi kuwa ya san kulocin babur a cikin man injin yake wanka, ba kamar na mota ba, kuma in santsi ya yi yawa faifansa ba ya kamawa. Maganar ta zo masa har leɓe. Ya dubi haƙoran da ke waje, wasunsu na mutanen da ya gyara wa kekunan iyayensu, sai ya haɗiye ta.

"Allah ya sa albarka," in ji shi.

Mutum goma sha ɗaya, har da shi kansa, suka juye man Habibu a baburansu. Makon farko giya ta yi laushi, Habibu na wucewa yana danna wa tsoho hon. Malam na zaune yana cin goronsa. A mako na uku babura suka fara ihu ba gudu. Ɗaya bayan ɗaya masu su suka riƙa turo su gindin darbejiya, kai a sunkuye.

"Kai ma ka yi dariya ran nan?" Malam ya tambayi na farko.

"Kaɗan, Baba."

"To riƙe kwanon, ka tari man da hannunka."

Haka ya gyara goma. Habibu ne kaɗai girman kai ya hana.

Saura kwana biyu wata ya ƙare, da safe, Habibu ya zo hawa ɗan tudun ƙofar kamfani. Ya murɗa totur, injin ya yi kururuwa, babur ko taku. Bayansa babbar mota cike da ɗanyar fata, wari da ƙudaje, bayanta kuma jif ɗin manaja. Direban babbar motar ya kwanta a kan hon yana cewa, "Oga, ko mu ɗora ka a kan fatun?"

Manaja ya fito ya tambayi abin da ya faru. Sai a sannan Malam ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya yi bayanin kuloci da santsi da ƙarfi yadda har mai kokon tsallaken titi ta ji. Mutum goman nan suka shaida.

"Malam, ku yi zamanku," in ji manaja. "Wurin naku ne."

Habibu ya gangaro da babur, gumi ya jiƙe masa kwala. "Baba, ku yi haƙuri, ku duba min."

"Hannuna ya gaji yau. Gobe ma zai gaji."

"Gidana fa can Zawaciki yake, Baba."

"Hanya a miƙe take, ɗana."

Da la'asar Habibu ya kama ƙahon babur ya fara turawa. Malam ya ja bencinsa bakin titi don kada reshe ya tare masa, ya zauna yana kallonsa har ya sha kwana.