Lallen Zara

"Inuwa, ka riƙa tura kwalekwalen nan a hankali mana! Buhun shinkafa ka ɗauko ko mahaifinka?"

Inuwa ya ci gaba da kafa gora yana ratsa kacalla. Ciyawar ta fi mutum tsawo, ta rufe hanyar ruwan ruf. Ni ina zaune riƙe da lema a kan mahaifinsa Baba Kolo, maƙwabcinmu, wanda ya yi kwana goma ko koko ba ya zama a cikinsa. Da safiyar ranar ya kafe sai an kai shi tsohon asibitin masu taɓin hankali da ke can cikin fadama, inda ya yi aikin jinya da ƙuruciya. Matarsa Iya Hajja ta yi kuka ta gaji. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne cewa da ya yi, in ba da ni ba ba zai je ba.

Ni da ruwa kuwa ba ma shiri. Tun ina ƙarama kakata ta gaya mini kogi ne ya ci mahaifiyata Zara, ina jaririya. Shekara arba'in da shida ban taɓa shiga jirgi ba sai ranar.

Ginin ya ɓullo mana kwatsam. Dogon ɗaki ne an yanka shi ƙanana-ƙanana, rufin ya zube, bango ya yi gansakuka daidai inda ambaliya take tsayawa kowace shekara. Masunta ma ba sa zuba taru a wajen. Inuwa ya goya mahaifinsa, na bi su ina tattare zani.

A ƙofar farko Baba ya ce a tsaya. Ya cire hularsa.

"Salamu alaikum, Malam Sa'idu."

Ya yi shiru, irin shirun mai jiran amsa. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ba kowa a ciki sai jemagu da wani zoben ƙarfe a kafe a ƙasa.

"Baba, wa kake gaisarwa?"

"Mai ɗakin. Sauran ma'aikata da ƙafa suke tura ƙofa, kuma da sunan gari suke kiran mutum, ɗan Guri, 'yar Auyo. Ni na ce ciwo ba ya hana a yi wa mutum sallama."

Haka muka bi ɗakunan. Yana sallama, yana kiran suna, yana jira. A tsakani yake ba mu labari da guntun numfashi. Likita daga Kano yake zuwa, sau ɗaya a wata. 'Yan'uwa sukan kawo mutum a ɗaure da igiyar shanu, su ce jibi za su dawo, shi ke nan an rabu. Shekarar da ruwa ya karya bangon gabas aka kwashe sauran a babbar mota, aka bar wa kacalla wurin.

A ɗaki na huɗu ya sa aka tsaya.

"Salamu alaikum, Zara. Ga ta na kawo miki."

Na waiga in ga wa ya kawo. Ba kowa a bayana.

"'Yar'azumi," in ji shi, "ruwa bai ci uwarki ba. Zazzaɓin jego ne ya taɓa mata kai, kina da kwana ashirin. Shekara uku ta yi a ɗakin nan. Ba ta taɓa dukan kowa ba. Zanenta take naɗewa ta rungume, tana jijjigawa."

Na zauna a dandaryar ƙasa.

"Kakarki ta rantsar da ni. Ta ce in gari ya ji, wa zai auri 'yar mahaukaciya? Kin san mutanenmu da binciken asali. Da ta rasu na so in faɗa, sai na ga kin haifi mata uku, su ma za a bincika. Watan jiya kika aurar da Umaima, autarki. Yanzu ba wanda maganar za ta cuta."

"Ba wanda za ta cuta? To ni fa, Baba? Ni dutse ce? Shekara nawa ina tsine wa kogi, ashe uwata tana nan, tafiyar hantsi ɗaya!"

"Ranar da Zara za ta cika hankalinta ya dawo sarai. Ta ce, Kolo, ka duba mini yarinyata. Abin da ya kawo ni unguwarku ke nan."

Sai na tuna ragon sunan Umaima, da katangarmu da ya tayar shekarar da ta faɗi. Amma raina ya riga ya ɓaci, na ce kawai ya nuna mini kabarin.

A nan tsoronsa yake. Waɗanda ba a zo ɗauka ba a bayan gini aka binne su, ba allo ba suna. Shi ne yake dasa wa kowa abin da ya san yana so a kabarinsa, wani goruba, wani magarya. Zara kuma kullum roƙonsa take ya samo mata lalle, wai za ta yi kwalliyar komawa gida. To amma muna zagawa baya sai muka tarar da ruwa har gwiwa, kacalla ta shafe komai. Inuwa ya yi gabas da shi, ya yi yamma. Baba ya fara kuka a bayan ɗansa.

"Na makara. Ya Allah, na makara."

Ni ce na ji ƙamshin. Duk macen da ta taɓa wucewa ta gindin lalle da damina ta san shi. Na kutsa cikin ciyawar, na manta ma da tsoron ruwa, ganye yana yankar hannuna. Ga shi can a kan ɗan tudu, ya zama bishiya, ya yi fure fari fat. Na durƙusa na yi mata sallama, na kira ta Inna. Ni ma sai na samu kaina ina jira.

A hanyar dawowa ya ce, "'Yar'azumi, kin yafe mini?"

Na gyara riƙon lema na kau da kai. Zuciya ce da ni, kowa ya sani. Na ce a raina bari in huce tukuna, ai katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Kwana biyu ban leƙa ba. Rana ta uku da hantsi na dama kunun gyaɗa mai ruwa-ruwa yadda yake so, na rufe kwano, na ɗauki mayafi. Ina neman takalmina ɗaya na ji salatin Iya Hajja ta kan katanga.

Da aka fito da makara na tsaya a bakin zaure na ce, "Na yafe, Baba." Na faɗa da ƙarfi har maza suka waigo. Na yi shiru ina jira, kamar yadda ya koya mini. Wannan nadamar da ita zan shiga kabari.

Reshen lallen da na karyo ranar yana cikin gwangwanin madara a kan katangar da ya gina mana. Iya Hajja tana zuba masa ruwa ta ɓangarenta, ni ma ina zubawa ta nawa. Shekaranjiya ya fitar da ganye biyu.