Rijiyar Tsofaffi

Faso ne ya fara tona asirin Malam Falalu. Shekara arba'in da ɗoriya Maijidda tana ganin dugadugan mijinta a tsattsage, ta shafa masa man shanu, ta shafa man kaɗanya, har ta haƙura ta bar wa Allah. Sai ga shi wata Talata a tsakiyar bazara ya dawo daga aikin rijiya, ya miƙe ƙafafu a kan tabarma bayan la'asar, ta ga tafin ƙafar ya yi fari ya yamutse, fason ya yi laushi ya rufe baki. Ta san abin da ke mayar da ƙafa haka. Sai wadda ta yini a cikin ruwa.

Rijiyar kuwa, a faɗar masu haƙa ta, ko danshi ba ta nuna ba.

Ta ajiye masa fura, ta tambaye shi yadda aiki. Ya ce da godiya, sai dai ƙasa ta ƙi. Da ya lura da inda idonta yake, ya janye ƙafafun ya rufe su da bakin riga, ya ce zufa ce ta yi yawa a can ƙasa. Maijidda ta ce Allah ya sawwaƙe, ta koma gindin murhu. A ranta ta ce yau kuma zufa ta koyi warkar da faso.

Shekara bakwai ke nan da Nasara suka ci Kano, kuma Gidan Marke, ɗan ƙauyen da ke tsakanin Dutse da Kiyawa, ya zama garin tsofaffi. An ɗebi samari zuwa aikin layin dogo, aka dawo aka ɗebi ragowar zuwa aikin hanyar da ake yankawa ta gindin duwatsu, har da Ɗanladi, ɗansu tilo. Dattawan da suka jingine fartanya suka koma suka ɗauka. Da tsohuwar rijiyar gari ta rufta, dagaci bai sami wanda zai sa ba sai Malam Falalu, wanda ya rataye dagin haƙarsa shekara takwas da suka wuce. Abokinsa Malam Ɗanmusa ya koma kan igiya kamar dā, da tarinsa da komai, Ɗan'inna da Muntaka suna kwashe ƙasa. Idan aka haɗa haƙoran su huɗun da ƙyar su cika bakin mutum ɗaya. Amma aiki ya tafi, domin hannu bai manta ba.

Sai samari huɗu na garin suka gudu daga aikin hanya. Jakadan hakimi ya zo ya ce dole gari ya cike gurbi, kuma ranar da rijiya ta kawo ruwa, ranar masu haƙa za su shirya. Dagaci ya roƙe shi ya dubi furfurarsu. Jakada ya ce wanda ya iya ciro ƙasa daga zurfin gaba goma, ai kwandon tsakuwa a fili ba zai gagare shi ba.

Tun daga nan rijiya ta soma nawa.

Mata ne ke shan wahalar. Kullum sau biyu suke zuwa kogi, su tona rairayi su jira ruwa ya taru, su juyo da tuluna a ka. Wadda ta fita da sassafe sai hantsi ya dubi ludayi take dawowa. Gwiwoyin Maijidda sun kumbura, wuyanta ya sage. Luba, matar Malam Ɗanmusa, wadda ta girme ta da shekara biyu, ita ce mai bakin tawagar. Tun daga ƙofar dagaci take fara mita, tana cewa an ba gyatumai aikin maza, watanni uku suna tonon ƙasa kamar kaji.

Washegari Maijidda ta kai musu abincin rana da kanta. Tun daga nesa Muntaka ya taso ya tare ta, ya ce Malam ya hana mata matsowa bakin rijiya saboda iskoki. Ta dube shi sama da ƙasa. Rijiya nawa mijinta ya haƙa tana zaune a bakinsu tana tsinke zogale, ba ta taɓa jin wannan doka ba sai bana. Ta miƙa masa ƙwarya, ta yi kamar tana gyara ɗaurin zane, idonta yana kan tulin ƙasar da aka fitar.

Matar mahaƙi ta san jerin ƙasa. Baƙa ce farko, sai marmara, sai ja, sai farin rairayi, daga shi kuwa sai ruwa. Ga farin rairayin nan a gindin tulin, ya bushe ya kwana biyu. A kansa kuma an jibge jar ƙasa sabuwa. Ƙasa ba ta komawa baya. Tana nan tsaye sai ta ga zanzaro biyu sun nutsa cikin rijiyar sun fito da laka a baki, Malam Ɗanmusa yana korarsu da hula yana waige-waige.

A hanyar gida ta haɗa lissafin da kanta. Idan jar ƙasa tana fitowa bayan rairayi, to daga gefe ake kankaro ta. Mijinta yana tsaye a ƙasan rami mai gaba goma sha takwas yana cinye gindin bangon da ke bisa kansa. Ta tuna makon jiya ya kira ta bakin rumbu, ba gaira ba dalili, ya nuna mata inda ya ware geron iri. A lokacin ta ɗauka tsufa ne.

Da safe, yana ɗaura warkin haƙa, ta tsaya a ƙofar ɗaki ta tare hanya.

"Malam, jar ƙasar nan daga ina take fitowa?"

"Daga rijiya mana."

"Daga ƙasanta ko daga gefenta?"

Ya zauna a kan turmi. Ya ce yau kwana goma sha tara da ruwa ya ɓullo, mai daɗi, mai ƙarfi. Ya gitta azara a kansa, ya shimfiɗa zana, ya zuba rairayi, amma ruwan yana tsattsafowa har idon sawu. Ya ce da zarar ruwan sama ya sauka Nasara kan sallami mutane su je shuka, yara su dawo, maganar cike gurbi ta mutu. Abin da ya rage bai fi kwana ashirin ba.

"Ɗanmusa ba zai yi kwana uku a aikin hanya ba," in ji shi. "Kin ji tarinsa. Shekara talatin yana riƙe min igiya bai taɓa sakinta ba."

Ta ce ta ji, amma su huɗu suka zauna suka yanke, ba wanda ya tambayi masu ɗaukar tulu. Ta ce wannan ma ta yafe, gwiwa ce, ta saba. Bangon fa?

"Bango zai riƙe. Na san ƙasata."

"Shi ya sa ka nuna min geron iri?"

Ya ɗauki dagi ya raɓa ta gefenta ya fita.

Kwana takwas ta yi da maganar a ciki, ta rame. In ta ji jaki ya buga ƙafa sai ta ɗauka rijiyar ce ta rufta. Ta riƙa duban gabas tana neman hadari, sama kuwa fes. Ta koma zargin kowa. Dagaci ya gaishe ta sau biyu a rana ɗaya, ta ce ya sani. Matar Muntaka ta yi shiru da ta iso, ta ce ita ma ta ji wani abu. Amma wadda ta fi tsoro ita ce Luba, domin mitarta kullum ƙaruwa take, kuma irin wannan baki shi ke jawo jakada. Sau biyu ta buɗe baki za ta ce mata ta sassauta don mijinki ake yi, sai ta haɗiye.

Ranar Alhamis jakada ya iso da hantsi, ba sanarwa. Mutum ne mai tumbi da ƙananan idanu, wanda ya saba a yi masa ƙarya har ya daina jin haushi. Malam Falalu yana cikin rijiya. Jakada ya leƙa bai ga komai ba sai duhu. Ya ɗebi ƙasar kwandon da ya fito, ya murza, ya sansana. Ya ce a ɗaura wa wani igiya ya sauka ya gano masa, ya duba hagu da dama bai ga wanda zai aika ba, shi kuma ba mai sauka ba ne. Sai ya juya wajen matan da suka dawo daga kogi suka sauke tuluna a inuwar marke.

"Iya, an ce ke ce uwargidan mahaƙi. Ke ba ki da ribar ɓoye ruwa. Akwai ko babu?"

"Ranka ya daɗe, da akwai ruwa a nan za ka gan ni da gammo a ka?"

Ya yi dariya, ya ce gaskiya ne. Ya gaya wa dagaci zai dawo bayan kwana goma, ya nufi inda aka ɗaure masa doki.

A lokacin ne aka ji ƙara daga cikin rijiya, ba mai yawa ba, kamar an zazzage buhun gero. Jar ƙura ta taso ta bakin ramin, igiya ta fizga a hannun Malam Ɗanmusa. Ya durƙusa yana kiran sunan abokinsa, tari ya sarƙe shi. Can sai muryar Malam Falalu ta hauro a shaƙe, tana cewa ba komai, a sako kwando.

Ɗan'inna ya ɗauki kwando zai saka. Maijidda ta dubi Malam Ɗanmusa durƙushe da igiya a hannu, ta dubi ƙurar da ba ta gama kwantawa ba. Kwana goma kuma. Ba ta yi shawara da kowa ba, ko da kanta. Ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, doguwa, irin wadda ake yi wa rijiya ranar da ta haihu.

Jakada ya cire ƙafa daga likkafa.

"Ruwa ya zo," ta ce. "Ku fito da shi."

Suka jawo shi su uku. Ya fito kansa da gemunsa jawur da ƙasa, ƙafafunsa suna ɗigar ruwa har gwiwa. Ya dubi matarsa sau ɗaya, ba da fushi ba, kuma da ya yi fushin da ya fi mata sauƙi. Ya rusuna wa jakada ya ce alhamdu lillahi, yanzun nan ya ɓullo. Jakada ya yi murmushin wanda ya gane amma ba ya son dogon zance. Ya yi musu barka, ya ce su huɗun su same shi a Dutse ranar Asabar.

Sai bayan ya tafi Maijidda ta lura ba macen da ta taya ta guɗa. Suna tsaye a inuwa suna kallon ƙasa. Luba ta naɗe gammonta a hankali, ta matso kusa da ita.

"Ke kaɗai ce mai ido, Maijidda? Tun ranar da maigidana ya shigo min gida da bakin igiya a jiƙe na sani. Dukanmu mun sani. Mitar da nake yi a ƙofar dagaci, kin ɗauka don wa nake yi?"

"Bangon zai faɗa masa, Yaya. Kin ji da kunnenki."

"Na ji," in ji Luba. "Naki ya fito."

Ranar Asabar suka tafi da sandunansu, Malam Falalu yana ɗauke da ƙunshin Malam Ɗanmusa a kan nasa. Kafin tafiyar ya yini biyu yana cire azara da zana, yana toshe inda ya kankare da duwatsu da laka, don kada a ce ya bar wa gari aiki rabi. Bai yi mata maganar ba ko sau ɗaya. Ya dai ce ta kula da akuya.

Ruwan sama ya sauka kwana goma sha ɗaya bayan tafiyarsu. Aka sallami mutanen hanya, Ɗanladi ya dawo, tsofaffi uku suka dawo a bayansa suna jan ƙafa. Malam Ɗanmusa ya yi kwana shida, ya ninka abin da abokinsa ya yanka masa, aka binne shi a gefen hanyar.

Rijiyar ta yi ruwa mai daɗi, har daga ƙauyukan kusa ake zuwa ɗiba. Luba ba ta taɓa jefa guga a cikinta ba. Da ta fita takaba ta ci gaba da zuwa kogi, tana wucewa ta bakin rijiyar da tulunta, tana gaida kowa, har Maijidda.

Malam Falalu ya ce bangon zai riƙe, kuma ya riƙe. Damina ta zo ta wuce ko ɓarɓashi bai zubo ba. Maijidda takan riga kowa zuwa da safe, ta dafa baki ta leƙa, ta bi bangon da ido tun daga sama har inda duhu ya fara. Ba ta taɓa yarda ta tambayi zuciyarta abin da take fatan gani ba.