Alwatika a Tafin Hannu

Wallahi da ba don Malama Aina'u ba, da yanzu benci ɗaya nake da ƙanena Ja'afaru, yana yi mini dariyar nan tasa mai ban haushi. Shugaban makaranta ya riga ya gaya wa Baba: in na sake faɗuwa lissafi, zan maimaita aji biyu.

Darasin madubi ne ya fi kayar da ni. A zana maka alwatika a takarda mai gidan dara, a daman layin y, wanda ya sauko tsaye a tsakiya, a ce ka nuna yadda za ta fito a hagu in layin madubi ne. Ni kuwa sai in ɗauke ta ɗungurungum in dire a hagu, tsininta na kallon inda yake kallo tun farko. Malama ta ja jan biro, ni in kumbura.

Wata Laraba ta tsayar da ni bayan an tashi, idonta a kan lallen ƙafata. Ni ke yi wa matan unguwarmu ƙunshi da salatif, kuma ina ji da kaina. Ta tambayi yadda nake yanka zanen. Na ce nakan yanka na ƙafar dama, in kwafi irinsa sak na hagu. Ta ce in haɗa ƙafafuna in duba. Furen dama na kallon babban yatsa, na hagu ya nufi ƙarami. Kunya kamar in nutse. Mata nawa na sallama a haka?

Kashegari ta zo da kwaɓaɓɓen lalle a ƙulle a leda. Ta zana mini alwatika da tsinke a tafin dama, ta sa na manna tafin hagu a kai, na buɗe.

"Inda ƙananan yatsunki suka haɗu, nan ne layin y," in ji ta. "Wane tsini ne kusa da shi?"

Na duba. Tsinin da ke kusa a dama, shi ne kusa a hagu. Ashe wanda ke gida uku a dama gida uku zai koma a hagu, 3 ta zama −3, tsayinsa kuwa ba ya motsi. Abin da na yi ta kuka a kai ke nan!

Kafin jarrabawa lallen ya goge, amma da tambayar ta fito, na haɗa tafukana a ƙarƙashin benci na buɗe. Na wuce aji uku, Ja'afaru ya rasa abin dariya.

Ana jibi Sallah na ɗauki salatif da reza na tafi gidanta a Minjibir na yi mata ƙunshi, don ban san wata hanyar godiya ba. Da aka wanke lallen, ta haɗa ƙafafunta ta daɗe tana kallo. Furannin na fuskantar juna.

"Muhsina," ta ce, "wannan ba ya buƙatar jan biro."