Kibiyar da Ke Leƙen Gobe

"Layi na tamanin da biyu ne kawai, Yaya," in ji Auta, yana gyara wa kwamfutar zama a kan cinyar majinyacin. "Jan rubutun nan za ka cire mini. Ai ba tashi na ce ka yi ba."

Mai Ɗinki na tsaye a bakin ƙofa da kwanon ruwan ɗumi. Shekara tara ke nan bango ɗaya ya raba ɗakinta da na Injiniya, kuma tun da asibiti suka sallamo shi suka ce a je gida a jira, ita ke juya shi a kan gado. Auta kuwa, ƙanensa ciki ɗaya, sai yau ya tuna hanyar gidan.

Ba dubiya ta kawo shi ba. Injiniya ya taɓa rubuta wata 'yar manhaja da ake ɗorawa a kan jadawalin farashin kasuwar kuɗi ta intanet: in koriyar kibiya ta fito a saya, in ja ta fito a sayar. Auta ke tallarta a waya da sunan yayansa, don nasa sunan ko allura ba zai sayar ba. To, an sabunta shafin da ake ɗora ta, ta ƙi tashi.

Injiniya ya kai yatsunsa da suka koma kamar tsinken tsintsiya, ya canja kalma biyu. Jan rubutu ya ɓace, kibiyoyi suka cika fuskar kwamfutar. Auta ya miƙo hannu, amma yayan bai saki ba.

"Akwai wani kuskuren, kuma nawa ne," ya ce. "Tana leƙen farashin da bai zo ba. In ka duba baya, kowace kibiya daidai take, don ta riga ta ga amsa. Wanda ya bi ta kai tsaye kuwa, yana saye za ta ɓace ta koma wani wuri."

"Ai shi ya sa hotunan talla ke kyau."

"Ashe ka sani."

"Yaya, duk wanda ya shiga kasuwar nan da haƙoransa talatin da biyu ya shiga."

Injiniya ya buɗe sabon shafi. Ya kusa awa guda yana bin layi ɗaya bayan ɗaya, tari na katse shi, Mai Ɗinki na share masa gumi. Da ya gama, kibiyoyin sun ragu, kusan rabinsu ma a inda bai dace ba suke.

"Ga gaskiyarta nan," ya ce.

"Wa zai sayi wannan? Ba ni ta farkon."

"Sunana ne a kai."

Ya rufe kwamfutar, ya tura ta tsakaninsa da bango. Auta ya miƙe yana karkaɗe wando.

"Ƙafarka ɗaya a rami, amma taurin kan na nan," ya ce, ya fita ko sallama babu.

Can Injiniya ya juyo da ƙyar. "Maƙwabciya, miƙo mini ita. Ta farkon na ciki, in goge ta."

Tausayi ya kama ta, don leɓɓansa har sun yi fari. "Ka huta tukuna. Kwamfuta ba gudu za ta yi ba."

Ya ji maganarta, kamar yadda ya saba. Ta koma ɗakinta ta ƙarasa bakin wata riga. Da ta dawo da yamma, ya cika. Ta rufe masa ido, ta ja mayafi har kansa, ta zauna tana jin haushin bakinta. Sannan ta buga wa Auta, don mamacin ba shi da wani ɗan'uwa.

Mutumin da kafin yau ya yi wata uku bai leƙo ba, ko minti ashirin bai yi ba ya iso. Ya tsaya a kan gawar, ya sauke numfashi, ya miƙa hannu ta samanta ya ɗauko kwamfutar. Ya buɗe. Ta nemi zanen yatsa.

Sai ya ɗaga gefen mayafin.

"Auta, ka ji tsoron Allah," in ji Mai Ɗinki.

"Anti, ke da gadon gidanmu?"

Ya kamo hannun dama, ya miƙar da manuniya, ya danna. Ta ƙi. Ya hura wa yatsan iskar bakinsa, ya goge a rigarsa, ya sake dannawa. Ta buɗe. Ya saki hannun ya faɗi a gefen gado yana lilo, shi kuma ya zauna kusa da ƙafafun yayansa ya tura manhajar ta farkon zuwa wayarsa.

Sai da ya fita baranda kukan ya zo masa. Tana jin shi yana naɗar murya a waya, yana shessheƙa: "'Yan'uwa, Injiniya ya rasu. Amma ya bar muku aikinsa na ƙarshe, da hannunsa ya gyara shi yau da safe."

Mai Ɗinki ta durƙusa ta ɗago hannun. Yatsu huɗu sun lanƙwashe, ɗayan na nan a miƙe. Ta naɗe shi a hankali cikin tafinta, ta riƙe, tana jiran ya zauna.