Jar Motar Alhaji Badamasi a Hanyar Khaibar

Duk wanda ya zauna a unguwar Al-Khalidiyya ta Madina a shekarun casa'in ya san jar motar Alhaji Badamasi. Ƙirar Amurka ce mai ƙofa biyu, doguwar gaba, injinta kuwa idan ya yi gurnani sai tattabarun unguwa su watse. Alhaji ya saye ta tun yana da ƙarfinsa, lokacin da yake jigilar alhazai tsakanin Makka da Madina, kuma bai taɓa sa ta gudu ba. Laushinta yake so. Ta shiga rami sai ta nutse ta taso a hankali, kamar an ɗora mutum a katifa.

Da idanunsa suka yi rauni ya miƙa wa autansa Walid makulli. Walid haifaffen Madina ne, ma'aikacin kantin magani, yana jin Hausa tsaf amma da Larabci yake amsawa. Shi kuwa laushin nan ne ya tsana. Motar na shan kwana sai ta kwanta gefe guda, ya taka birki ta dungura kai ƙasa, abokansa suna yi masa dariya wai kwalekwale yake tuƙawa. Bai shawarci kowa ba ya kai ta garejin Khalilu a unguwar Aƙiƙ, wani dattijo Bahaushen Sudan da ya san motar tun tana sabuwa.

"Sifirin gajeru masu tauri nake so, ya ammi," in ji Walid, wato baffa da Larabci. "A cire shokazoban nan a sa masu ƙarfi. A ɗaura mata sandar ƙarfe mai kauri gaba da baya, ta daina kwanciya."

Khalilu ya goge hannu ya dube shi. "Za ta kama titi, wannan babu shakka. Amma duk tsakuwar da ka taka sai ka ji ta a ƙashin bayanka. Alhaji ya sani?"

"Tawa ce yanzu."

Aka yi aikin, aka canza har robobin ƙafafun. Motar ta sauko ƙasa kaɗan, ta tsaya daram. Ranar Juma'a Walid ya ɗauki mahaifinsa zuwa Harami, yana ta satar kallonsa yana jiran yabo. Tsohon ya riƙe ƙofa da hannu biyu har suka isa. Da zai fita ya ce, "Ka mai da ita jaki." Tun daga ranar bai sake shigarta ba, sai dai ya tsai da tasi a ƙofar gidansa, jar motar na ajiye tana kallonsa. Abin ya yi wa Walid ciwo, amma yaro ne mai taurin kai irin na ubansa, kuma babu wanda ya sake tayar da maganar.

Alhaji yana da al'ada guda: duk lokacin nunar dabino sai ya tafi Khaibar wurin amininsa Abdussamad, ya yi 'yan kwanaki a gona. A waccan shekarar ciwo ya riga ya ci ƙashinsa, likitoci sun gaya wa 'ya'yan gaskiya, 'ya'yan sun hana shi tafiya, ya yi kunnen uwar shegu da su ya tafi. Wata safiya wayar kantin ta yi ƙara. Abdussamad ne, muryarsa a dashe.

"Walid, taho yanzu. Likita ya duba shi, ya ce da wuya ya kai magariba. Ya ƙi kwanciya a asibitin nan. Kai yake kira."

Walid bai san yadda ya isa ba. Ya tarar da mahaifinsa kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, ya ƙanƙance, leɓunansa sun bushe. Ya durƙusa ya sumbaci goshinsa.

"Ka kai ni gida," in ji tsohon. "Ba zan mutu a nan ba."

Ba sai an yi wa Walid bayani ba. Wanda ya rasu a Khaibar, a Khaibar ake binne shi. Wanda ya cika a Madina kuwa, a Masallacin Annabi ake yi masa salla a kai shi maƙabartar Baƙi'a. Kakan Walid a ƙafa ya taso daga Damagaram, ya yi shekaru a hanya yana noma yana ƙara gaba, don kawai ya kwanta a wannan ƙasa, kuma can yake kwance. Can mahaifiyar Walid take. A gidansu ba a ɗauki wannan da wasa ba.

Motar gonar Abdussamad tsohuwar akori-kura ce da ba ta da sanyi ba ta da sauri, rana kuma ta take. Babu zaɓi sai jar motar da Walid ya zo da ita. Suka kwantar da kujerar gaba, suka jera matasai, suka ɗauko tsohon su biyu. Nauyinsa bai kai na buhun dabino ba.

Walid ya tashi motar a hankali, yana lallaɓawa kamar mai ɗauke da ƙwai. Duk da haka, ƙafar gaba na taka ɗan tudun kwalta sai tsohon ya yi nishi. Wani rami, wani nishi. Abin da Khalilu ya faɗa ne ya dawo, sai dai ba a bayan Walid yake sauka ba. Ya tuna tsofaffin sifirin ɗin nan da ya bari a jibge bayan gareji suna tsatsa. Da hannunsa ya cire wa ubansa katifar da zai kwanta a kai yau. Ya ƙara rage gudu, manyan motoci suna wuce su suna hura ƙaho.

"Walid."

"Na'am, Baba."

"A haka sai gobe. Taka ta."

"Za ka ji ciwo, wallahi za ka ji."

"Ciwon nawa ne. Ina jin abin yana tahowa daga ƙafafuna. Taka ta, na ce."

Walid ya share ido da bayan hannu ya taka. Injin ya yi ruri, baƙaƙen duwatsun gefen hanya suka soma gudu baya. Kwana ta farko ta taho, doguwa mai gangara, irin wadda da can sai ya rage sosai kafin ya shige ta. Bai ɗaga ƙafa ba. Motar ta bi ta a miƙe, ko karkata ba ta yi ba, ta fito ta kama ta gaba. Kowace gaɓar titi tana dukan tsohon, Walid yana jin haƙoransa na haɗuwa, yana jin kalmar shahada na fita guntu-guntu. Bai waiwaya ba, don ya san idan ya ga fuskar zai tsaya.

Can tsohon ya ce, da ƙyar, "Ashe ta daina rawa."

"Ta daina, Baba."

"To. Madalla."

Bayan la'asar jan dutsen Uhudu ya bayyana a gabansu. Walid ya faɗa masa, tsohon ya buɗe ido ya nemi a ɗaga kansa, Walid ya tallafe shi da hannu ɗaya yana tuƙi da ɗaya. Suka wuce alamar iyakar Harami.

"Mun shiga?"

"Mun shiga, Baba. Muna cikin Madina." Da Hausa ya faɗa.

Tsohon ya yi salati, ya sauke numfashi mai tsawo. "Yanzu ka rage. Ka tafi da ni yadda nake tafiya da ita."

Walid ya rage, ya koma gefen dama. Kafin su kai fitilar farko ta cikin gari hannun da ke riƙe da gefen rigarsa ya saki. Ya tsaya a bakin titi, ya rufe wa mahaifinsa ido, ya gyara masa hula, ya yi innalillahi, ya yi kuka mai isarsa. Sannan ya sake tada motar ya nufi gida. Motar da ke bayansa na ta ƙaho, bai kula ba. Duk ramin da ya hango sai ya kauce masa, duk tudu sai ya kusan tsayawa ya hau shi da ƙafa ɗaya-ɗaya, har ƙofar gida.