Hanyar Shagon Mai Aski

Maigidana makaho ne tun kafin in aure shi, kuma bai taɓa ɓata a unguwarmu ba sai da aka gyara ta.

Da kunne yake tafiya. In ya fito da safe, injin niƙa na hagunsa. Sai ya miƙe har ƙarar injin ta koma bayansa, ya fara jin gudumar masu walda, ya karya dama. Daga nan keken tela, sai matar nan mai sayar da kwanuka da ba ta iya magana a hankali ba, sai shagon mai aski, inda ake ajiye masa benci kusa da rediyo ya yini yana musu da mutane. Wannan fitar ita ce abin da ya rage masa da yake yi shi kaɗai.

Da aka zo da zancen sabunta tsakiyar gari, an tara mu aka ce cunkoso ya yi yawa, hayaniya na cutar da tsofaffi. Na ɗaga hannu na tambayi mai bayanin wane tsoho ne ya faɗa masa haka. Aka yi dariya, aka wuce. Aka tashi mai niƙa da masu walda, aka rushe gidajen haya, maƙwabtanmu suka watse bayan gari. Gininmu ne ya tsira, da 'yan shagunan ƙarshen layi, har da na mai askin.

Lokacin aikin ni ce na kusa zaucewa. Injin fasa kankare tun safe, kofuna na rawa a kan kanta, ina magana ba na jin kaina. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya haddace sababbin ƙararrakin: janareto a hagu, injin kwaɓa siminti a gaba, lebura mai waƙa da mummunar murya a kwana. Kullum ya je ya dawo.

Sai aka gama aikin, aka kwashe injuna. Kowa ya yi mana barka da samun sauƙi. A satin nan ya ɓata.

Auta, 'yarmu ta ƙarshe, ta zo ko takalmi ba ta cire ba.

"Baba, a bakin babban titi aka tsince ka fa."

"Tsinta? Ni allura ce?"

"Ku tattara ku dawo wurina. Akwai ɗaki, ga shiru, ba mai damun ku."

"Shirun ne ya kai ni bakin titi."

Ta dube ni kamar in fassara mata. "Mama, ki yi masa magana mana."

Ban san wa zan yi wa magana ba. Aka rabu a kan cewa in ya sake ɓata, za mu bi ta.

Washegari ya ɗauki sandarsa. Na bari ya sauka, na sa takalmi mai laushi na bi shi daga nesa.

Ya yi tafiyar kirki har tsakiyar sabon filin, inda aka yi famfon ado mai feshin ruwa. Nan ya tsaya. Ya buga sanda a ƙasa, ya karkata kai. Gine-ginen duk gilashi ne, sai ƙarar ta dawo masa ta dama, ta dawo ta hagu. Ya juya. Ya sake bugawa. Ya sake juyawa, har ya fuskanci inda ya fito, ya yi gaba kaɗan, ya tsaya.

"Malama," ya ce, bai ɗaga murya ba, "fito daga bayan abin da kika laɓe. Gwiwarki na ƙara tun daga matakala."

Na fito.

"To, ke mai ido. Ina shagon?"

Na duba. Hanyoyi ne suka fita daga filin, kowacce da irin fitilunta ɗaya, irin bishiyoyinta ɗaya a cikin tukwane. Rabona da zuwa ƙarshen layin tun kafin rusau. Na ɗaga hannu na nuna wata hanya. Makaho nake nuna wa hanya da yatsa, ni da na yi shekaru ina zaune da shi.

"Kin yi shiru," ya ce.

"Ina tunani ne, Maigida."

Wani mai gadi ya taso daga ƙofar wani dogon gini. "Baba, wa kuke nema?"

"Mai aski, ɗana."

"Akwai wurin gyaran gashi a sama, amma sai an yi waya tukuna."

"Ba shi ba. Mai benci a waje. Mai rediyo."

"Wallahi ban san shi ba, kwanan nan na fara aiki."

"To kira mana wani ɗan layin nan," na ce.

Ya waiga dama da hagu. "Ai ba kowa, Mama."

"Ba kowa? Duk waɗannan gidajen fa?"

"Duk an saye su."

"Ina masu su?"

"Ba nan suke zama ba."

Na ɗaga kai. Tagogi rututu, ba labule, ba yaro ko ɗaya da ke leƙe.

Can sai Maigida ya kama hannuna. "Ji. Rediyo." Muka bi muryar da sauri, shi a gaba. Muka iske rediyon wata mota ce a tsaye, direban na barci. Muka koma. Muka ɗauki wata hanyar, ta dawo da mu famfon. Ko kuwa wani famfon ne daban, har yau ban tabbata ba.

Sai ya miƙo mini bakin sandarsa. Na tsaya ina kallon ta. Ban taɓa ganin ya bar wani ya ja shi ba, ko ranar da aka kai shi asibiti. Na kama. Na ja shi, ban san inda nake kai mu ba, har na hango wani gini da zani a shanye a baranda. Nawa ne. Ba wani ginin da ke da shanya a duk wurin.

Da yamma Auta ta kira. Na riga na shirya abin da zan ce: ya je, ya dawo, lafiya lau. Ya miƙo hannu, na ba shi wayar.

"Auta, ki zo da motar ranar da kika samu hutu."

Na ji muryarta ƙasa-ƙasa tana tambayar ko wani abu ya faru.

"Ba komai. Ki zo dai."

Ya ajiye wayar a cinyarsa. Na ce masa gobe zan fita ni kaɗai in nemo shagon, in sanar da mai askin cewa za mu tashi.

"In kin same shi," ya ce, "ki ce ya bar wa wani bencina."