Zanen Cikin Sabuwa

Ranar da labari ya iso ƙauyen Maikujera cewa Turawa sun kawo ƙwayar maganin kuturta garin Rabah, Sabuwa ta kasa zaune ta kasa tsaye. Mai jego ce, kwana talatin da haihuwar fari, amma sai ga ta tana shara tana waƙa.

Ba wanda ya san dalili. Tun cikinta na wata bakwai wasu zane-zane suka fito mata a mara da cinya, da ta haihu suka yi fari-fari. Uwarta ta rasu, kuma ina mai cikin fari za ta buɗe baki ta yi zancen ciki? Gwaggonta Inno, mai yi mata wankan jego, ba ta gani sosai, ciwon yana ya rufe mata ido. Sai Sabuwa ta yanke wa kanta hukunci, kuturta ce. Don kada ta shafa wa ɗiyarta ta daina ɗaukarta. Ko nono za ta ba ta sai ta kare jikinta da zane, ta yi maza ta miƙa wa Inno. Mata kuwa sai yabo, wai ba a taɓa ganin kunyar 'yar fari irin tata ba. Ita kam baƙin ciki ne ke cin ta.

Da hantsi ta sulale ta nufi asibitin Rabah, ba ta jira arba'in ba. Ta shiga layin masu karɓar ƙwaya, bakinta har kunne. Wata tsohuwar kuturwa mai suna Ma'u ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke ɗiyata, mi kinka zo yi nan? Gwada min tabon."

Suka zaga bayan zana. Ma'u ta duba, ta soka mata tsinke, Sabuwa ta zabura. Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye.

"Kuturta ba ta jin tsinke. Wagga nankarwa ta, kowace uwa na da ita."

Malamin asibiti ma da Ma'u ta gaya masa, cewa ya yi babu ƙwayar nankarwa, Sabuwa ta riƙa shafa man kaɗe safe da yamma, zanen zai dushe ko bai ɓace ba.

Da gudu ta koma gida. Gaban matan da suka cika tsakar gida ta kwance jaririyar daga bayan Inno, ta manna ta a ƙirji, ta kira sunanta da ƙarfi, Asta.

Inno ta tafa hannu ta ce yau kunya ta ƙare a gidan nan. Sabuwa ba ta ma ji ba, tana ta shinshina kan ɗiyarta.